Daga Kasuwar Libiya Zuwa Filin Merrikh: Ziyarar Da Nake Bin Kaina Bashi

Na yi shekaru ina zuwa Kasuwar Libiya da ke yammacin Omdurman sarin jallabiya da lafaya da turaren wuta, amma ban taɓa sa ƙafata a filin ƙwallon garin ba. Mai masaukina, wani dattijon Bahaushe da muke kira Baffa, wanda kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka har zama ya kama shi a bakin Nilu, ya sha yi mini gori a kan haka. Yakan ce, "Ɗana, ka san farashin kowane yadi a garin nan, amma ba ka san garin ba."

A farkon 2023 muka zauna wajen mai shayi muka tsara tafiyar. Za mu rufe lissafi da azahar, mu hau motar haya zuwa titin Arda, inda filayen Hilal da Merrikh suke kusa da juna, mu sayi agashe a bakin ƙofa, wato tsiren da Hausawa suka kai Sudan. Ya ja mini kunne a kan tufafi: ja da rawaya na Merrikh ne, shuɗi da fari na Hilal, kada baƙo ya shiga tsakiyar magoya baya da launin abokan hamayya. Sannan ya ce ba zai kai ni ba sai na san abin da zan je gani, ya fara ba ni tarihi.

A Khartum aka haifi hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, a watan Fabrairun 1957, shekara guda bayan Sudan ta samu 'yanci. Ƙasashe huɗu suka kafa ta: Sudan, Masar, Habasha da Afirka ta Kudu, kuma likita ɗan Sudan, Dakta Abdel Halim Mohamed, yana cikin jagororin. A wannan watan aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko a filin Khartum. Ƙasashe uku kawai suka buga, domin Afirka ta Kudu ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙi da farare. Masar ta ci Habasha 4-0 a wasan ƙarshe. Gasar da yau ƙasashe 24 ke fafatawa a cikinta, daga nan ta soma.

A 1970 gasar ta dawo Sudan, masu gida suka doke Gana da ci 1-0 suka ɗauki kofin. Baffa yana yaro lokacin. Ya ce bai samu shiga ba, a waje ya tsaya riƙe da hannun yayansa, amma ihun da ya tashi daga cikin filin har yau yana kunnensa.

Kulob ɗin biyu sun girmi ƙasar da kanta. Merrikh ta ɗauki sunanta a 1927, Hilal kuma an kafa ta a 1930, duk a ƙarƙashin mulkin Ingila da Masar. Filin Merrikh ana yi masa kirari da Jar Ganuwa, na Hilal kuwa Shuɗin Lu'ulu'u. Hilal ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka sau biyu, a 1987 da 1992, ba ta dace ba. Merrikh ce ta kawo kofin nahiya gida a 1989, kuma wadda ta doke ita ce Bendel United ta Najeriya. Nan Baffa, wanda ɗan Merrikh ne na gani-kashe-ni, yakan dube ni ya yi dariya.

Alaƙarmu da filin ba ta tsaya ga wannan tsokanar ba. 'Yan wasan Najeriya da dama sun ci abinci a Omdurman, irin su Kelechi Osunwa da Stephen Worgu. A ranar 6 ga Maris 2010 Endurance Idahor ya yanke jiki ya faɗi yana buga wa Merrikh wasa, rai ya yi halinsa yana da shekara 25. Baffa ya ce a makon nan ko 'yan Hilal na kasuwa sun zo yi masa ta'aziyya, sai ka ce ɗansa ne ya rasu.

Muka sa rana, sai kayana suka iso, na ce a bari sai bayan Sallah. Na koma Kano. Ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Aka wawashe Kasuwar Libiya, ta zauna a hannun RSF har zuwa Maris 2025 da sojoji suka karɓe ta. Filayen suka yi shiru. Hilal da Merrikh suka zama 'yan gudun hijira kamar magoya bayansu, har suka shiga gasar Muritaniya a kakar 2024 zuwa 2025, inda Hilal ta ƙare a kan gaba. Baffa ya rasa shagonsa, ya koma wajen dangi a Maiwurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Kwanan baya muka yi waya, muryarsa ta tsufa. Bai yi zancen shago ba. Cewa ya yi, "Ɗana, jar rigar tana nan?" Na ce tana nan, Baffa, ko daga leda ban cire ta ba. Ya ce to in ajiye ta da kyau.

Tsarinmu bai canja ba: azahar, motar haya, titin Arda, agashe. Abu ɗaya na gyara. Ranar da aka sake busa usur a Jar Ganuwa, in Allah Ya kai mu da rai, kaya ko sun iso sai dai su jira ni.