Tarihin Ziyarar Duwatsu Lokacin Kaka a Ƙasar Japan

A cikin al'adun da mutanen Japan suka gada kaka da kakanni, kaɗan ne suka kai daɗewar fita zuwa duwatsu a ƙarshen shekara, sa'ad da sanyi ya fara sauka, ganyen itatuwa ya rikiɗe daga kore ya koma ja da rawaya, har dutse ya zama kamar an lulluɓe shi da bargon wuta. Wannan al'ada, wadda suke kira momijigari, ta fi shekara dubu, domin tun a cikin Man'yoshu, diwanin waƙoƙinsu mafi tsufa, wanda aka tattara a ƙarni na 8, an sami sha'irai suna ambaton ganyen kaka.

Bayan da aka mai da fadar sarki birnin Kiyoto a shekarar 794, al'amarin ya zama na sarakuna da fadawa, waɗanda sukan shiga jiragen ruwa a kogin da ke gindin dutsen Arashiyama, suna kallon gangaren dutsen, suna gasar tsara baitoci. Talaka kuwa, wanda kaka ta same shi cikin girbin shinkafa da biyan haraji, ba shi da rabo a wannan majalisi.

Abin da ya buɗe wa jama'a ƙofa shi ne zaman lafiya. Tun daga 1603, lokacin da gidan Tokugawa ya karɓi ragamar mulki a Edo, wato Tokiyo ta yau, ƙasar ta yi fiye da shekara 250 galibi cikin lumana, aka gyara manyan hanyoyi biyar da suka tashi daga birnin, aka kafa masaukai a kansu. Ko da yake hukuma ta tsananta sha'anin tafiya, ta kafa shingaye inda ake binciken takardun matafiya, ba ta cika hana wanda ya ce zai ziyarci wurin bauta ba. Da yake kuwa yawancin wuraren nan a cikin duwatsu suke, sai fatake da masu sana'a suka riƙa daidaita ziyararsu da lokacin da ganye ke rikiɗa. Aka kuma wallafa littattafan jagora masu zane, irin su Miyako Meisho Zue na 1780, wanda ya bayyana mashahuran wuraren Kiyoto.

Nikko, inda aka gina hubbaren Tokugawa Ieyasu a 1617, misali ne na yadda hanya ke jawo jama'a. Jirgin ƙasa ya isa garin a 1890, daga baya aka yi titin Irohazaka mai lanƙwasa 48, wanda ke hawa zuwa tafkin Chuzenji, mita 1,269 bisa teku. A bakin tafkin launi kan cika wajen tsakiyar Oktoba, alhali garin da ke ƙasa sai farkon Nuwamba.

A nan hikimar mai shirin tafiya take, gama launin yana bin sanyi ne: yakan fara a duwatsun Daisetsuzan na tsibirin Hokkaido cikin Satumba, ya gangaro kudu sannu a hankali, bai isa Kiyoto sosai ba sai ƙarshen Nuwamba. Dalili kuwa, idan yini ya gajarta, dare ya yi sanyi, sinadarin da ke sa ganye kore yakan rushe, rawayan da yake ɓoye ya bayyana, sukarin da ya taru a ganyen kuma ya haifar da ja.

Tun 1953 hukumar yanayi ta Japan ke rubuta ranar da itatuwa ke rikiɗa, kuma lissafinta ya nuna lokacin yana jinkiri da kimanin kwana uku a kowace shekara goma, saboda ɗumamar duniya. Lalle a cikin wannan akwai abin lura ga ma'abota hankali: ni'imar da ta ɗauki ƙarnuka kafin ta isa ga talaka amana ce, kuma wajibi ne a kan mutanen wannan zamani su kiyaye yanayin da Ubangiji ya rataya ta a kansa, domin jikokinsu su same ta a kan lokacinta.