Masu Riƙon Mabuɗin Bankin Cimaka

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Maraɗi, Damagaram ko Tawa zai ga wani ɗaki mai rufin kwano a gefen gari, ƙofarsa ta ƙarfe, wani lokaci da kwaɗo biyu. Shi ne bankin cimaka, wanda wasu ke kira rumbun tsimi. Waɗansu na aiki har yau, da yawa kuwa sun zama mafakar jemagu. Mu da muka daɗe muna riƙe wa dattawan gari alƙalami mun ga tashinsu da faɗuwarsu, kuma yawancin labarin na mutanen da aka danƙa wa mabuɗi ne.

Tanadin hatsi ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kowane maigida yana da rumbun da ba a taɓawa sai an ga yadda damina ta kama, domin kakanninmu sun sha Kakalaba a 1914. Bayan yunwar fara ta 1931, Nasaran Faransa suka tsananta dokar rumbunan ajiya: kowane gida ya kai dammunan hatsi, a rufe, ba a buɗewa sai da izinin kwamanda. Talaka na kallon hatsinsa alhali iyalinsa na kwana da yunwa. Tsarin ya shuɗe tare da mulkin da ya kawo shi, amma ya bar wa mutane tsoron duk wani rumbu da mabuɗinsa ke hannun wani.

A 1970 gwamnati ta kafa OPVN don ajiyar cimaka ta ƙasa. Farin 1973 ya fi ƙarfinta, kuma zargin karkatar da kayan agaji na cikin hujjojin da Seyni Kountché ya kafa lokacin da ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974. Sai bayan yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, bankunan cimaka suka bazu a karkara. Ƙungiyoyin agaji kan gina magaza, su zuba buhunan farko, gari ya zaɓi kwamiti: shugaba, ma'aji, magatakarda da mai awo. Ƙa'idar mai sauƙi ce a baki. A sayi hatsi da kaka yana da araha, a sayar wa 'yan gari tsakiyar damina ƙasa da farashin kasuwa, kuɗin ya sake sayen na baɗi.

Wahalar tana wurin masu aikin, waɗanda galibi ba su da albashi. Lokacin da ake buɗe magaza shi ne lokacin noman fari da maimai, don haka mai awo yana tsaye da tiya a hannu ciyawa na cin gonarsa. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne wurin saye, amma bayan wata bakwai da ƙwaro da ɓera da bushewa, ba ya cika haka wurin sayarwa. Giɓin nan kuwa a wuyansa ake rataya shi ranar lissafi, a bainar jama'a. Mun ga dattijo mai mutunci ya ajiye mabuɗi yana hawaye a kan tiyoyin da ba shi ya ci ba.

Samun magatakarda ma aiki ne. Takardun da masu agaji ke kawowa da Faransanci suke, matasan da suka yi lakwal kuma sukan tafi cin rani Najeriya ko Libiya da zarar an gama girbi, daidai lokacin saye. A garinmu da ajami muka riƙa rubuta lissafi, sai ranar da masu bincike za su zo a nemi wanda zai juya shi.

Bashi ne ya fi kashe bankunan. Yaya mai awo zai ce wa ƙanwar mahaifiyarsa babu, tana tsaye da ƙwarya, jikokinta kwana biyu suna cin tafasa? Ya ba ta, ya ba surukinsa, ɗan maigari ya aiko. Da kaka, in damina ta yi gardama, ba mai biya. Wasu kwamitoci suka ce wanda ya ranci tiya ya mayar da ita da ƙari. Malamanmu suka ce wannan riba ce, kuma gaskiyarsu, domin hatsi da hatsi ba ya halatta da fifiko. Aka koma sayarwa da farashi sananne zuwa ajali, wanda fiƙihu ya yarda da shi, amma hakan bai sa mabarci ya samu abin biya ba.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba. A shekarar tsanani kamar 2005, in an zo da rabon kyauta ko sayarwa da rahusa, wanda ceto ne ga jama'a, hatsin banki sai ya kwanta ko a sayar da shi da hasara, jari ya karye.

Daga baya garuruwa da dama suka miƙa mabuɗin ga mata. Mu maza mun yi gunaguni da farko, amma su ba sa tafiya cin rani, sun saba da adashi, kuma ba su jin kunyar bin bashi har cikin ɗaki. A garinmu yau mabuɗi ɗaya na ɗaure a haɓar zanen shugabar mata, ɗayan na wurin liman, kuma an yanke wa mai awo ladan tiyoyi a kan kowane buhu da ya auna.