Abokai Uku Cikin Kogin Kwara

Jama'a, mu mutanen Tajaye da Malbaza da Konni, ruwanmu na damina ne. Maggiya ta cika, bayan kwana kaɗan yara na wasa cikin yashinta. Da yawa cikinmu ba su taɓa shiga kwale-kwale ba. A ƙasashen bakin teku kuwa, masu kuɗi kan sayi jirgi mai inji, su ɗebi abokai su bi gaɓa don shan iska kawai. To, ga labarin wasu abokai uku da suka yi yawon ruwa a ƙasarmu, su ba inji, ba kuɗin kirki. Ƙarshen ɗayansu ya zo nan kusa da mu.

Faransawa ne: Jean Rouch da Pierre Ponty da Jean Sauvy. Tare suka yi karatun aikin hanya da gada a Paris. A 1941 aka kawo Rouch Yamai don gyaran hanyoyi. Can ya san wani yaro, Damure Zika, ɗan gidan Sarkawa, wato masunta. Shi ya fara nuna masa kogi.

Da yaƙin duniya ya ƙare, abokan suka yi shawara su bi Kwara tun daga mafarinta har inda ta faɗa teku. Tafiya ce ta wajen kilomita 4,200. Kada ku ɗauka wasa ne. A 1806 wani Bature mai suna Mungo Park ya halaka cikin duwatsun Busa, shi da mutanensa.

Sun tashi a watan Oktoba na 1946, daga ƙasar Gine. Can sama kogin ɗan rafi ne, don haka da ƙafa suka fara. Da ruwa ya yi faɗi suka ɗaure itatuwa suka hau. Gaba kuma suka koma jiragen mutanen wurin. Guzuri fa? Labarin tafiyar suke rubutawa, su aika wa jaridu a Faransa, a biya su. Har suna guda suka haɗa daga sunayensu uku, suna sa hannu da shi.

Littattafai sukan ce su uku suka ci kogi. Ni dai ban yarda da wannan lissafi ba. Wa ya riƙe gora da filafili? Wa ya san inda dutse yake kwance ƙarƙashin ruwa, da inda dorina take da ɗa? Masu jirgi ne, gari bayan gari, kowa ya kai su iyakar ruwan da ya sani. Sunayen yawancinsu ba su shiga takarda ba. Ba su da mai rubuta musu.

Rouch yana ɗauke da na'urar ɗaukar silima. A hanya ya rasa ƙafafun da ake ɗora ta, dole ya riƙe ta da hannu. Haka ya ɗauki farautar dorina wajen Ayoru, inda Sarkawa ke jifar ta da mashi mai igiya. Ponty ya tsaya a Yamai. Sauran biyu suka wuce Gaya da Yawuri da Busa, suka isa teku ranar 25 ga Maris, 1947.

Daga nan injiniya ya bar aikin hanya, ya zama mai silima. Ya sake ɗaukar farautar dorina, a 1954 ya koma Ayoru ya haska wa masuntan. Suka duba, suka ce akwai gyara. Ya sa kiɗa, alhali farauta shiru ake yin ta, kiɗa ƙarfin zuciya zai ƙara wa dorina. Ya karɓi gyaran, ya cire kiɗan.

Shi da Damure sun yi abota fiye da shekara 60, sun yi finafinai da yawa tare. Ranar 18 ga Fabrairu, 2004, suna cikin mota guda, suka yi haɗari da dare kusa da Birnin Konni. Damure ya tsira. Rouch ya rasu yana da shekara 86, aka kai shi Yamai aka binne.