Me ya kamata sanarwar ɗaukar ma'aikata ta ƙunsa?

Sanarwar ɗaukar ma'aikata ita ce matakin farko na tantance masu neman aiki, tun kafin a kai ga jarrabawa ko ganawa ido da ido.

Idan aka rubuta ta dalla-dalla, wanda bai cancanta ba zai janye da kansa. Idan kuwa aka dunƙule ta, sai takardu su yi yawa, wanda ya cancanta ya ɓace a cikinsu.

A Najeriya batun ba ƙarami ba ne. A watan Maris na 2014, mutane sama da 500,000 ne suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba a Hukumar Shige da Fice, bayan kowannensu ya biya naira 1,000.

Aƙalla mutane 16 suka mutu a turmutsitsin da aka yi a wuraren jarrabawar, ciki har da filin wasa na Abuja. Lamarin ya nuna abin da kan biyo baya idan ba a rage yawan masu nema tun a kan takarda ba.

Abubuwan da ake bayyanawa

Sanarwa mai inganci kan fara da sunan muƙamin yadda masu sana'ar suka san shi, kamar akanta ko ungozoma, maimakon kalma mai faɗi irin "jami'i".

Daga nan sai manyan ayyukan da mutum zai riƙa yi, da garin da zai zauna, da wanda zai yi aiki a ƙarƙashinsa, da kuma ko aikin na dindindin ne ko na kwantiragi.

A ƙarshe a kan faɗi yadda za a nema, da ranar rufewa. Ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai ta Tarayya sun buƙaci ma'aikatun gwamnatin Najeriya su buga sanarwa a jaridun ƙasa aƙalla biyu, su kuma bai wa masu nema makonni shida.

Sharaɗin dole da na fifiko

Inda aka fi samun matsala shi ne wajen jera sharuɗɗa.

Lasisin aiki dole ne ga likita ko mai haɗa magunguna. Amma neman gogewar shekara biyar a muƙamin da sabon ɗalibi zai iya riƙewa, kan kori mutanen kirki ba tare da wani dalili ba.

Shi ya sa ake raba sharuɗɗan gida biyu: waɗanda aikin ba zai yiwu ba sai da su, da waɗanda fifiko kawai za su bai wa mutum.

Shekaru da jinsi

Wasu kamfanoni a Najeriya kan ƙayyade cewa kada mai nema ya haura shekara 26 ko 27, duk kuwa da cewa yajin aikin malaman jami'a, irin na watanni takwas da aka yi a 2022, kan jinkirta kammala karatu.

A Birtaniya, Dokar Daidaito ta 2010 ta haramta nuna wariya saboda shekaru ko jinsi ko addini wajen ɗaukar aiki, sai fa inda yanayin aikin ya wajabta hakan.

Kalmomi ma suna da tasiri. Wani bincike da Danielle Gaucher da abokan aikinta suka wallafa a 2011 ya gano cewa sanarwar da ke cike da kalmomin da ake alaƙantawa da maza, kamar gasa da mamaya, kan rage wa mata sha'awar neman aikin.

Batun albashi

Ɓoye albashi kan ɓata wa ɓangarorin biyu lokaci, domin sai an kai ƙarshe mutum ya gano kuɗin ba za su ishe shi ba.

Tun watan Nuwamban 2022 birnin New York na Amurka ya wajabta wa akasarin kamfanoni bayyana mafi ƙanƙanta da mafi girman albashi a sanarwarsu. A 2023 kuma Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta bai wa mai neman aiki 'yancin sanin albashi tun kafin ganawa.