Golf a Hanyar Kura: An Ƙara Mata Sifirin, An Manta da Burki

Maƙalar wannan mako ta gareji ce, wanda ba ya son baƙin mai a hannunsa sai ya yi haƙuri.

A shekarar 1974 aka yi abubuwa biyu da babu wanda ya zaci za su taɓa haɗuwa. A nan jihar Kano aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, aikin da gwamnatin Audu Bako ta faro a 1971. A can Jamus kuma kamfanin Volkswagen ya fito da wata ƙaramar mota mai yankakken baya, wadda murfin but ɗinta ke ɗagawa sama gaba ɗaya da gilashi, ya sa mata suna Golf. Ruwan Tiga ya gangaro ta magudanai ya jiƙa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Motar kuwa sai da ta tsufa a Turai sannan ta iso mana. Yau duk wanda ya tsaya a bakin titin Zariya lokacin kakar tumatir ko ta shinkafa zai ga su biyun sun haɗu: abin da ruwan ya fitar, shi motar take ɗauka.

Kafin dam, noman rani a wannan yanki aikin fadama ne da jigo, abin da mutum zai noma bai wuce wanda jaki zai kai kasuwa ba. Da aka shimfiɗa aikin ban-ruwa na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan kimanin hekta 22,000, daga baya kuma ya koma hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976, sai lissafi ya sauya. Alkama ce aka fara ɗora wa buri, musamman bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987. Amma tumatir da shinkafa su suka zauna daram. Kura ta zama garin injinan casa da mata masu turara shinkafa, Kwanar Gafan ta zama inda ake ciniki da kwando. Shi kuwa tumatir ba ya jira. In ka tsinke shi yau, gobe ya fara hawaye. Don haka tun farko manomin rani yana buƙatar abu biyu daga mota, ta ɗauki da yawa, kuma ta yi sauri. Waɗannan biyun su ne manyan abokan gabar burki.

Motar da ta fara yi wa yankin wannan bauta Fijo ce. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, a shekarar ce kuma ta Volkswagen ta fara aiki a Legas. Peugeot 504 da akori-kurarta, daga baya J5, su suka riƙe hanyar. Kuma a yi wa Fijo adalci: 504 ta shiga ta fito tun 1968 da burkin faifai a ƙafafunta huɗu, abin da motoci da yawa na wancan zamani ba su da shi. Akori-kurar kuwa dama don kaya aka ƙera ta. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, masana'antar Legas ta durƙushe. Aka koma 'yan Kwatano. Ta wannan ƙofa Golf ta biyu, wadda aka fara ƙerawa a 1983, da ta uku ta 1991, suka kwararo Arewa. Ba ta shan mai, kayan gyaranta sun cika Ƙofar Ruwa, kuma wancan murfin baya da Bajamushe ya yi don kwandon cefanen matarsa ya dace da buhu kamar an auna.

To, a nan labarin ya rabu biyu, domin a Turai ma an yi wa Golf ƙari, sai dai ba irin namu ba.

Bari in ɗan koma baya kan shi burkin. Iri biyu ne. Akwai na ganga, wanda makanikai ke kira diram, inda wasu takalma biyu ke buɗewa su dafe cikin gangar ƙarfe. Louis Renault na Faransa ake danganta wa shi, a 1902. Akwai na faifai, inda kalifa ke matse faifan ƙarfe ta gefe biyu kamar yadda za ka riƙe faranti da yatsu. Shi ma a 1902 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistarsa, amma ya kwanta shekara hamsin ba a waiwaye shi ba. Abin da ya tashe shi tsere ne. A 1953 motar Jaguar ta lashe tseren awa 24 na Le Mans da burkin faifai, saboda tana iya tsayawa sau ɗaruruwa ba tare da burkin ya gaji ba, alhali masu ganga sai sun fara lallaɓawa tun daga nesa. Bayan shekara biyu Citroën DS ta kawo shi cikin motar gida. Sirrin ba wani abu ba ne illa iska. Faifai a buɗe yake, yana shan iska yana hucewa, ganga kuwa a rufe take, tana tara zafi.

Domin burki, in ka tuɓe masa riga, murhu ne. Aikinsa shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, in ta tsaya cak, zafin da zai fita zai iya tafasa ruwa kusan lita biyu, kuma cikin daƙiƙa huɗu ko biyar. Kaso mafi tsoka na wannan zafi, wajen biyu bisa uku, ƙafafun gaba ne ke shanye shi, domin da ka taka burki nauyin mota kan rinjaya gaba. In ka ninka nauyi, zafi ya ninka. In ka ninka gudu, zafi ya ninka sau huɗu.

Injiniyoyin Volkswagen sun san wannan lissafi, shi ya sa duk lokacin da suka ƙara wa Golf ƙarfin inji sai sun taɓa burkin gaba. Da suka fito da GTI a 1976, mai ƙarfin doki 110, sun sa mata faifai mai faɗin milimita 239 mai ramukan iska a tsakiya. Da ƙarfi ya ƙaru a Golf ta biyu, faifan ya kai 256, a samfurin G60 ya kai 280. VR6 ta Golf ta uku ta fara da 280 ta ƙare da 288. Daga nan samarin Jamus da Ingila masu ƙara wa motocinsu wuta suka samo al'adarsu: wanda ya taɓa inji, sai ya je wurin 'yan gwangwan ya ciro faifai da kalifar babbar yayar motarsa ya ɗaura. Har yau abin da suke yi ke nan.

Mu kuwa ba mu taɓa inji ba. Bayan motar muka taɓa. Golf ɗin da za ta shiga haya ko dakon kaya a wannan hanya, abin da ake fara yi mata shi ne a sauya sifirin na baya da mai kauri, a ɗaga ta har ka ga gindinta ya yi sama kamar tunkiyar da ke shan ruwa. Wannan gwaninta ce ta gaske, ba na raina ta. Motar da nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, wadda aka yi ta don ɗaukar kimanin rabin tan har da mutanen ciki, makaniken bakin titi ya mayar da ita tana tashi da buhu takwas ko goma na shanshera. In buhun mai cin kilo ɗari ne, ka ga an ɗora wa mota kwatankwacin kanta. Amma faifan da ke gaba shi ne dai wanda aka sa don Bajamushe da matarsa da karensu. Yawanci ma ya sha sassaƙa a wurin masu dabara har ya koma siriri, ga fad na arha, ga man burkin da tun da motar ta sauka daga jirgin ruwa ba a zubar da shi ba, sai dai ƙari.

Na taɓa shiga irin wannan mota daga Kwanar Gafan zuwa cikin gari, mu biyu a kujerar gaba, baya duk kwanduna. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, babu gangara, amma tsayawa ba ta ƙarewa: ga masu babur, ga tirela ta yi fakin a kan titi, ga garken shanu, ga shingen jami'ai. Kafin mu wuce Kura na fara jin wari kamar an ƙona gashi. Sai na lura direban ba ya taka burki sau ɗaya, bugunsa yake sau uku kafin ya kama. Na ce, "Malam direba, lafiya kuwa ƙafar nan?" Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ta ɗan ji zafi ne. In mun tsaya salla za ta huce." Ya rage gudu, ya koma tsayawa da giya, muka isa lafiya. Gaskiya ya faɗa, da muka idar da salla burkin ya dawo garau.

Wannan dawowar ita ce abin tsoron, kuma ita nake so masu rubuta labari a cikinmu su lura da ita. Mun saba rubuta cewa "burki ya tsinke", kamar igiya ce. Burkin zamani da mai yake aiki, kuma tafi-da-gidanka biyu gare shi, in ɗaya ya fashe ɗayan na nan. Abin da ya fi faruwa shi ne gajiya. Ko dai fad ya yi zafi har ya daina kamu, ka taka da ƙarfi feda na da tauri amma mota na tafiya, ko kuma man ya tafasa. Man burki yana tsotsar danshi daga iska. Sabo, irin wanda aka rubuta wa DOT 4, ba ya tafasa sai ya haura digiri 230, amma in ya sha ruwa zai iya tafasa a wajen 155. Da ya tafasa sai tururi ya shiga bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake, sai feda ta nutse har ƙasa kamar ka taka soso. Bayan rabin awa komai ya huce, wanda ya zo duba motar da ta yi hatsari ya taka ya ji burki lafiya lau, sai a ce direba ne ya yi barci.

To, shin babban faifai shi ne magani? Wani ɓangare ne na maganin, kuma a kan Golf aikin ba mai wuya ba ne, tunda 'yan gida ɗaya ne. Mai faifan 239 ko 256 zai iya hawa na 280 mai ƙusa huɗu in ya samo shi da mariƙin kalifarsa, amma dole ya bar rim mai inci 13 ko 14 ya koma 15, in ba haka ba kalifa za ta goga. Na VR6 ƙusa biyar gare shi, sai an sauya har da kan ƙafar. In kuma kalifar da aka ɗaura ta fi tsohuwar cin mai, feda za ta yi nisa sai an duba masta. Kuma kada a ruɗi kowa, babban faifai ba ya rage tazarar tsayawar farko. Ƙaramin ma yana iya ƙulle taya, kuma daga nan taya da kwalta ne ke da magana. Amfaninsa a tsayawa ta goma ne da ta ashirin, lokacin da ƙaramin ya riga ya yi ja. Wanda ya sa faifan G60 a kan suɗaɗɗiyar taya ya sayi kwalliya ne kawai.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu da ɗaga bayan mota ke lalatawa, wanda ban cika jin ana zancensa ba. A ƙarƙashin Golf ta biyu da ta uku da yawa, musamman marasa ABS, akwai wani bawul a jikin gatarin baya, haɗe da ɗan sifirin. Aikinsa auna yadda mota ta zauna. In ta zauna ƙasa, ya gane an yi lodi, sai ya ƙara wa ƙafafun baya mai. In tana sama, ya ɗauka babu kowa, sai ya rage, don kada baya ya ƙulle mota ta juya. Da makanike ya sa sifirin mai kauri, motar na ɗauke da buhu takwas amma tsayinta na cewa fanko ce. Bawul ya yarda da ƙaryar. Ƙafafun baya, waɗanda yanzu su ne nauyi ya danne kuma za su iya yin aiki sosai, sai su naɗe hannu, a bar wa na gaba duka wahalar. A irin wannan mota, ƙara girman burkin gaba kaɗai ƙara karkata ne. Sai an daidaita bawul ɗin da sabon tsayin, in ma bai riga ya ci tsatsa ya daskare ba.

Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ta daɗe tana yaƙi da lodin wuce kima, ana kamawa ana sauke kaya ana cin tara. Amma jami'i abin da ido ke gani yake kamawa, but a buɗe da igiya, ko kwando a kan rufi. Kaurin faifai da shekarun man burki ba a ganinsu daga bakin titi. Shi ma direba lissafinsa a fili yake. Sifirin yana biyan kuɗinsa a sawu biyu ko uku, domin kowane ƙarin buhu kuɗi ne a hannu. Faifai da kalifa da rim huɗu da tayoyinsu ba sa ƙara ko mudu ɗaya a lodi, kuma motar sau da yawa ba tasa ba ce, balas yake kai wa maigida kullum yamma.

Da aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016, an yi tsammanin tafiyar kwando za ta gajarce. A shekarar ce tsutsar nan ta Tuta absoluta ta cinye gonaki, masana'antar ta yi ta buɗewa tana rufewa, kwando ya ci gaba da bin titi zuwa 'Yankaba da Legas. An sake gina titin, ya yi santsi, gudu ya ƙaru. Golf ta uku mafi ƙuruciya kuwa yanzu ta haura shekara ashirin da biyar, tunda an daina ƙera mai yankakken bayan a 1997. Ranar Asabar da ta wuce na tsaya a wani gareji a Kura, na ƙirga Golf biyar ana yi musu aiki. Huɗu an ɗage bayansu, ɗaya ana duba mata kulochi.