Sanƙarau da Hanyar Alhazai: Yadda Aka Gane Ƙwayarta a Kartum

Ɗaliban fiƙihu sun san bambancin ƙarina da bayyina. Ƙarina alama ce da ke sa alƙali ya karkata, bayyina kuwa hujja ce da ake yanke hukunci a kanta. Haka abin yake wurin likita. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, amai, sanƙarewar wuya, ƙin kallon haske, ko kumburin maɗigar jariri, duk ƙarina ce. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai yakan zo da mafi yawansu. Magabata irin su Abubakar ar-Razi, wanda ya rarrabe agana da ƙyanda, da alamomi kaɗai suka yi aiki, kuma sun yi ƙoƙari matuƙa. Amma ido bai iya kai su ga abin da ke haddasa ciwon.

Cikin shekara bakwai aka samu abubuwa uku da suka canja lamarin. A 1884 Hans Christian Gram, mutumin Denmak, ya fito da rinin da ke raba bakteriya gida biyu. A 1887 Anton Weichselbaum ya ware ƙwayar sanƙarau a birnin Biyana. A 1891 wani Bajamushe, Heinrich Quincke, ya nuna yadda ake sa allura a gadon baya a ɗebo ruwan da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa.

To ina Sudan ta shigo? Bayan yaƙin Karari na 1898, da Turawan Ingila suka ci Omdurman, wani attajirin magunguna, Henry Wellcome, ya ziyarci ƙasar, ya ba da kyautar ɗakin gwaje-gwaje a Kwalejin Gordon da ke Kartum, wadda aka buɗe a 1902. Andrew Balfour ne shugabansa na farko. A 1907 har jirgin ruwa suka mai da ɗakin gwaji, yana bin Kogin Nilu zuwa kudu. Ba don Allah da Annabi aka yi ba, lafiyar sojoji da ma'aikatan mulkin mallaka ce a gaba, amma ilimin da ya fito ya amfani kowa. Albert Chalmers, wanda ya gaji Balfour a 1913, ya rubuta bayani a kan annobar sanƙarau a Sudan a 1916. Daga baya aka buɗe makarantar likitoci ta Kitchener a 1924, sannan aka gina ɗakin bincike na Stack, 'yan ƙasa suka fara karɓar aikin.

Ga yadda ake kafa bayyinar. Ruwan bayan mai lafiya garau yake kamar ruwan sama. Idan bakteriya ta shiga, sai ya gurɓace kamar ruwan wankin shinkafa, sukarin cikinsa ya ragu, fararen ƙwayoyin jini su cika shi. A ɗiga shi a gilashi, a zuba rinin Gram, a duba da madubin da ke girmama ƙananan halittu. In an ga ƙwayoyi jaja-jaja, bibbiyu, suna fuskantar juna kamar ƙwayar wake da aka raba, wannan ita ce mai kawo annoba. In shuɗi suka riƙe, masu tsini, to 'yar'uwar aikinta ce, wadda ke kawo ciwon huhu, kuma ta fi kisa ga wanda ta kama. Akwai ta uku, siririya, mai addabar ƙananan yara. Ka ga ciwo ɗaya a ido, masu laifi uku. Bayan haka a shuka ruwan a faranti mai abincin jini, a jira kwana ɗaya ko biyu ta tsiro, a gwada wane magani ke kashe ta. Ƙwayar annobar ma ba ta da juriya a wajen jiki. Sanyi da bushewa suna kashe ta, shi ya sa ake gudu da ruwan zuwa ɗakin gwaji.

Mu Hausawa muna cikin wannan tarihi dumu-dumu. Kakanninmu da ƙafa suke tafiya hajji, ta Borno da Wadai da Darfur zuwa Omdurman, wasu su shekara suna noma kafin su ƙarasa Suwakin, wasu su zauna ke nan, kamar mutanen Mai Wurno. Annobar sanƙarau ta farko da Turawa suka rubuta a Arewa ita ce ta 1905, a Zungeru da Yola. Brian Greenwood, likitan da ya yi shekaru yana aiki a Zariya, yana ganin mai yiwuwa ta wannan hanya ta gabas ƙwayar ta shigo. Zato ne na masani, ba hukunci ba. Amma abin da ya sa zaton ya yi ƙarfi shi ne, mutum kan ɗauki ƙwayar a maƙogwaronsa yana lafiya lau, ya yi ta rarraba ta bai sani ba.

Abin da aka yi zato game da 1905 an gan shi da hujja a 1987. A hajjin shekarar sanƙarau ta ɓarke a Makka. Da rani ya shigo a 1988 ta afka wa Kartum da Omdurman, asibitoci suka cika. Likitan yara Mustafa Abdalla Salih da abokan aikinsa suka bincika ƙwayoyin da aka samu daga marasa lafiya: rukunin A ne, kuma dangi ɗaya da ta Makka. Ita ce ta shiga Cadi a shekarar. Dangin nan ne ya iso mana a 1996, ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, Allah ya jiƙansu, kuma a shekarar Saudiyya ta hana maniyyatanmu shiga. Sanin rukunin ba ƙwalisa ba ce. Allurar rukunin A ba ta kare mutum daga W, wanda ya ɓulla a hajjin 2000, ko C, wanda ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017. Dalilin ke nan allurar da ake wajabta wa maniyyata yanzu ta haɗa rukuni huɗu.

Abu biyu nake ganin muna wa kanmu illa da su. Na farko, a ga yaro ya sanƙare a garzaya kemis a ɗura masa kafso kwana biyu. Maganin bai isa ya warkar ba, amma ya isa ya hana ƙwayar tsirowa a faranti, an kori shaida kafin a zo kotu. Na biyu, tsoron allurar baya, wai ita ke kashewa ko gurgunta yaro. Sau da yawa an makara ne kafin a kawo shi, sai a ɗora wa allurar laifin ciwon. Likita kuma ba ya jiran sakamako kafin ya fara magani, domin sanƙarau kan kashe cikin yini guda.

Ɗakin Stack shi ya zama babban ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasar Sudan. A ranar 25 ga Afrilu 2023, kwana goma da fara yaƙi, wakilin Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanar cewa mayaƙa sun mamaye shi, sun kori ma'aikata, ga wuta tana ɗaukewa, alhali akwai samfurin ƙwayoyin kwalara da ƙyanda da shan-inna a ajiye a ciki.