Baƙin ƙasan ido: daga kwallin dutse zuwa maskara

Da zarar an gama girbi, masara da auduga sun shiga kasuwa, sai bukukuwa su tashi a Tafoki da sauran garuruwan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, duk da halin tsaro da ya rage wa biki armashi a 'yan shekarun nan. A ɗakin da ake yi wa amarya kwalliya kuwa akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Mai kwalliya ta gama da gashin ido na sama, ta ce wa amarya ta ɗaga ido, ta kai ɗan burushin maskara kan gashin ƙasa, sai ka ji wata gwaggo daga gefe ta ce, “Ke 'yar nan, wannan abin na Turawa har ƙasan ido? Ina kwalli?” Ƙawayen amarya kuma su ce, “Gwaggo, ai kwallin naku ne aka ce da dalma a ciki.” Kowane ɓangare na da gaskiya a hannu, sai dai gaskiyar ba ta cika ba, kuma tarihin abin ya fi gardamar daɗi.

Baƙanta ido daɗaɗɗen abu ne ƙwarai. Fiye da shekara 5,000 da suka wuce mutanen Masar, maza da mata, suna niƙa wani dutse mai walƙiya suna zagaye idonsu da shi, har a kaburburansu an tarar da tukwanensa. Dutsen nan galina ne, wato dalma haɗe da farar wuta, kuma suna haƙo shi daga duwatsun da ke kusa da Bahar Maliya. Daga Masar har Indiya babu al'ummar da ba ta da irin nata: wasu dutse, wasu kunkunniyar fitila. Ba zan tsaya a nan ba, domin abin da ya dame ni shi ne yadda ya zo hannunmu.

Bayanin da ya fi yawo shi ne cewa Musulunci ne ya kawo mana kwalli, tare da Wangarawan da suka iso Kano zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, ko kuma Larabawan da suka biyo hanyar Sahara. Akwai dalilin da ya sa mutane suka riƙe wannan. Hadisai sun nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sa kwalli da daddare kafin barci, sau uku a kowane ido, kuma ya yabi irin kwallin da ake kira ismidi. Imam Tirmizi ya ware wa wannan babi guda a littafinsa Shama'il. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk ɗalibin zaure a ƙasar Katsina ya sani, ta halatta wa namiji kwalli don magani, ta kuma lissafa shi cikin adon mata. Mai takaba an hana ta shi har wata huɗu da kwana goma. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan mai azumin da ya sa kwalli da rana ya ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro. Abin da fiƙihu ya kula da shi haka, lalle ya samu daraja ta hanyar addini.

Amma ni ban yarda cewa addini ne ya fara kawo shi ba, kuma dalilina dutsen kansa ne. Galina tana nan birjik a ƙasarmu. Akwai ta a Zurak ta ƙasar Wase, akwai ta a Arufu kusa da Wukari, akwai ta a ramukan da ke kewayen Abakaliki, duk a kwarin Binuwai da abin da ya yi kudu da shi. Yarbawa na da tiro, Inyamurai na da otanjele, Maguzawan da ke zaune a kudancin Katsina su ma suna rambaɗa kwallinsu, kuma da yawa daga cikin waɗannan ba ta hannun malami suka karɓe shi ba. Dutse ne mai laushi, mai sheƙi, da an niƙa shi sai ya koma gari baƙi mai ƙyalli. Al'ummar da ke da irin wannan a bayan gari ba sai ta jira baƙo daga hanyar Sahara ya nuna mata amfaninsa ba. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne, al'adar ta riga ta zauna, Musulunci ya zo ya ba ta gindi ya mai da ita sunna, fatake kuma suka baza ta.

Shaidar da na fi so a wannan batu ta fito ne daga wani Bature mai yawon bincike, Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a watan Janairun 1824. Da ya zaga kasuwar birni ya lissafa abin da ya gani a rumfuna, cikinsu har da ɗanyen tozali da kuza, ya kuma ce dukansu biyu kayan ƙasar ne. Wannan magana tana da nauyi. Mutumin ya zo ne tare da ayarin Larabawa ta Tarabulus da Borno, ya san kayan da ake ɗaukowa daga arewa, ya ga alharini da takubba da tsakiya a kasuwar nan, amma tozali bai sa shi cikin kayan baƙi ba. Kuskurensa ɗaya ne, ya ɗauka antimoni ne, kamar yadda Turawan zamaninsa suka riƙa ɗauka. Sai daga baya, da masu binciken ma'adinai suka gwada duwatsun Binuwai, aka tabbatar dalma ce.

Daga manyan kasuwanni kwalli yake gangarowa ƙauye a akwatin ɗan koli, tare da allura, madubi, zobe da turare. Mace ta sayi ɗan dutsen, ta niƙa shi lilis, ta zuba a tandu, ɗan ƙaramin kurtun fata da dukawa ke yi. Ga kuma abin da masu gardamar yau ba su lura da shi ba: ina ake sa kwalli? Ana tsoma tsinke a tandu, a kwantar da shi a bakin fatar ido ta ƙasa, a runtse ido, a ja. Yawancin garin a ƙasa yake zama. Idon Bahaushiya, tun kaka da kakanni, daga ƙasa yake fara baƙi. Haka ake yi wa amarya, haka tsoho yake yi ranar Juma'a, haka ake yi wa jariri bayan wanka, har a ja masa gira.

Maskara kuwa 'yar jiya ce. A shekarar 1915 wani saurayi a birnin Chicago na Amurka, Thomas Lyle Williams, ya ga 'yar'uwarsa Mabel tana cuɗa basilin da baƙin gawayi tana shafa wa gashin idonta. Ya mai da abin sana'a, daga nan kamfanin Maybelline ya samo asali, kuma a 1917 ya fitar da maskara mai kamar guntun sabulu, wadda ake jiƙa burushi a goga. Sinima ce ta tallata ta. Finafinan lokacin babu launi babu murya, ido ne ke magana, saboda haka 'yan wasa suka riƙa baƙanta shi sosai. Da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922 sai matan Turai da Amurka suka rikice da kwalliyar Masar. Wato su ma daga gabas suka aro. Kwalbar da muka sani yau, mai sanda a ciki, Helena Rubinstein ce ta fito da ita a ƙarshen shekarun 1950.

Ba a isa nan lafiya ba. A 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata a Amurka, har an samu wadda ta rasa ranta, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka kafa dokar abinci da magani da kayan kwalliya ta 1938 a can. Gwaggon da ke tsoron abin kwalba ba ta yi wauta ba.

Gashin ƙasa kuwa sai a shekarun 1960 ya samu kasuwa a wurin Turawa. Wata yarinya 'yar Ingila mai tallan tufafi, Twiggy, wadda ta yi tashe a 1966, ita ce ta riƙa zana gashin ido ɗaiɗai a ƙasan idonta, 'yan mata suka bi. Masu cewa kwaikwayo ne zalla a nan suke kafa hujja. Wasu kuma su ce Indiya ce, tun da 'yan Lebanon masu gidajen sinima a Kano da sauran birane suka fara kawo finafinan Indiya a shekarun 1950, matan ciki da idanu rambaɗe da kajal. Wasu su ce Kannywood, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990. Na baya-bayan nan su ce Instagram da TikTok. Duk sun taka rawa, ban musa ba, musamman waya, wadda ta sa yarinya a Tafoki take ganin kwalliyar amaren Abuja a ranar da aka yi ta. Sai dai kwalliyar Turawa da yawa ta zo ta wuce ba ta kama ƙasa ba. Wannan ta kama ne saboda ta tarar da ido da ya saba. Macen da ta girma tana ganin baƙi a ƙasan idon uwarta, in aka bar mata ƙasan fari sai ta ga fuskar ba ta kammalu ba. Maskarar ƙasa gadon kwalli take ci, ko da mai sa ta ba ta taɓa riƙe tandu ba.

Bambancin da ke tsakaninsu a aikace yake. Kwalli a bakin fata yake kwanciya, inda hawaye ke wanke shi. Maskara a jikin gashi take, kuma haɗin kakin zuma ne ko makamancinsa da mai da baƙin launi. Gashin ƙasa gajere ne, siriri, bai kai na sama yawa ba, kuma yana gogar fata duk ƙiftawa. A bakin fatar ido akwai ƙananan kafofi masu fitar da maiƙo, ga gumin bazara, saboda haka kafin la'asar baƙin ya zubo ƙarƙashin ido. Shi ya sa gwanayen masu kwalliya suke share burushin tukuna, su taɓa da bakinsa kawai, sau ɗaya, su bar gefen hanci. Shi ya sa kuma 'yan mata suka koma wa wadda ruwa ba ya wankewa, daga nan sai tambayar alwala ta taso, domin abin da ya hana ruwa isa inda ya wajaba ya isa, malamai ba sa wasa da shi. Kwalli bai taɓa jawo wannan tambayar ba, gari ne, ruwa na ratsa shi.

Saura maganar dalma, kuma a nan ba zan rufa wa kwalli asiri ba, duk da ƙaunar da nake masa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa a birnin Boston. Da aka bi diddigi sai aka tarar tiro ake sa masa, wanda aka kawo daga gida. Da aka gwada garin, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ne. Rahoton ya ambaci tozali da kwalli da sunansu. Galina ba ta cika ratsa fata ba, amma jariri yana murza ido ya kai hannu baki, sannan akwai 'yar hanya daga kusurwar ido zuwa hanci da maƙogwaro, wadda malaman azumi ma suka lura da aikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka sani ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yaro ce ta fi jin jiki.

Mutanen Faskari ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan dalma. Zamfara na nan maƙwabta. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, kuma yara aƙalla 400 suka rasu. Niƙan dutsen zinariya a cikin gida ne ya jawo wancan bala'i, kwalli ba shi da hannu, kuma adadin da ke shiga jiki ta tandu bai kama ƙafar wancan ba. Amma gubar ɗaya ce.

Masu kare kwallin dutse sukan kawo binciken da masana suka yi a kan kayan kwalliyar Masar da ke gidan tarihi na Louvre a Faransa, wanda aka buga a 2010, inda aka nuna cewa ɗan ƙanƙanin sinadarin dalma na iya zaburar da garkuwar jiki a ido. Binciken gaskiya ne, sai dai a ɗakin gwaji aka yi shi, kuma masu shi ba su ce a sa wa jarirai ba. Wasu kuma su ce ai sunna ce. Sunnar ta yabi ismidi, wanda malamai da dama suka bayyana da dutsen antimoni, dutsen Zurak kuwa dalma ne. Ko kwallin da alhazai ke kawowa tsaraba bai tsira ba, don gwaje-gwajen da aka yi wa kwallin kasuwannin ƙasashen Larabawa da na Indiya da Pakistan sun sha nuna dalma a cikin da yawansu. Ra'ayina a nan ba ya rawa: babba ya san abin da zai yi da idonsa, amma a daina sa wa jariri kwallin dutse, kuma mai ciki ta haƙura da shi.

Maskara ma tana da nata laifin, kuma a ƙasan ido ya fi fitowa, inda burushi ke kusantar ƙwayar ido. Da yawa daga abin da ke kan teburan kasuwar ƙauye ba shi da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don irin wannan aiki. Kwalbar da aka buɗe tana tara ƙwayoyin cuta, shi ya sa likitocin ido ke cewa a jefar da ita bayan wata uku, mu kuwa in ta bushe sai a ɗiga ruwa, wasu ma yawu. Mafi muni shi ne ranar biki, inda burushi ɗaya zai bi idon amarya da ƙawaye goma. Ciwon idon nan na afolo, wanda ya fara ɓarkewa a Gana a 1969, ta hannu da tawul da irin wannan tarayya yake yaɗuwa. Tsinken kwalli ma haka aka riƙa yi da shi a gida ɗaya shekara da shekaru. Akwai ƙananan burusai na amfani ɗaya a jefar, ana sayar da su a ƙunshi a manyan shagunan kayan kwalliya na Kano, kuma mai kwalliyar da ke karɓar dubbai a kan fuska ɗaya ya kamata a tambaye ta su kafin ta buɗe jakarta.